ABEBE BIKILA, SOJAN HABASHA DA YA CI TSEREN DUNIYA BA TAKALMI

Duk wanda ya saba zuwa filin kokowa ya san irin ɗan wasan da ke kā da kowa a dandalin unguwa, amma ran babbar gasa, da makaɗa sun ɗauki takensa, jama'a ta zuba masa ido, sai gwiwarsa ta yi sanyi, wanda bai kai shi ƙarfi ba ya kai shi ƙasa. Irin waɗannan su ne suka fi yawa. Akwai kuma ƴan kaɗan waɗanda ran taro ne hankalinsu ya fi kwanciya, kuma ran nan ne suke yin abin da ba su taɓa yi ba. Abebe Bikila, ɗan ƙasar Habasha, yana cikin ƴan kaɗan ɗin nan. Shi ne baƙar fatar Afirka na farko da ya samu lambar zinariya a wasannin Olimpik, kuma shi ne mutum na farko a duniya da ya ci tseren maraton na waɗannan wasanni har sau biyu.

Maraton tsere ne na ƙafa mai tsawon kilomita 42 da mita 195. A ce mutum ya tashi daga Damagaram ya je Mirriya ya komo, da sauran tafiya gabansa kafin ya cika wannan zango. Cikin wannan tsere ƙarfin ƙafa kaɗai ba ya isa. Wanda ya yi gaggawa tun farko ya kan ƙare ƙarfinsa kafin kilomita 30, wanda ya yi nawa kuma a bar shi baya. Sai mai haƙuri da ya san jikinsa.

Ɗan makiyayi

An haifi Abebe ran 7 ga watan agusta na shekara ta 1932, a wani ƙauye mai suna Jato, cikin lardin Shewa. Bikila sunan mahaifinsa ne, domin Habashawa ma suna haɗa sunan ɗa da na uba kamar yadda Hausawa ke yi. Mahaifin makiyayi ne. Ranar haihuwar yaron ta dace da ranar da aka yi tseren maraton na Olimpik a birnin Los Angeles na Amurka, amma a Jato ba wanda ya san da wannan labari.

Yana da shekara 3 sojojin Italiya suka auka wa Habasha, cikin watan oktoba na 1935. Suka kama Addis Ababa a 1936, sarki Haile Selassie ya yi gudun hijira, iyalin Abebe kuma suka ƙaura daga ƙauyensu. Sai a 1941 aka kori Italiyawa. Yaron ya tashi cikin kiwo bisa tuddai, yana wasan gena, wanda samari ke bugawa da sanduna da ɗan ƙwallo a fili mai tsawon gaske. Wajen shekara ta 1952 ya sauka Addis Ababa ya shiga rundunar sojojin da ke tsaron sarki.

Birnin Addis Ababa yana bisa tudu mai tsawon kusan mita 2400. A irin wannan wuri iska ba ta da kauri, baƙo ya kan yi haki ko da ƴar gajeruwar tafiya ya yi. Wanda ya girma can, jininsa ya saba da ƙarancin iska, in ya sauko ƙasa sai ya ji gudu ya yi masa sauƙi. Abebe ya riƙa gudun kilomita 20 daga tuddan Sululta zuwa birni, ya kuma koma. A nan ne wani malamin horo mai suna Onni Niskanen, hafsa ɗan ƙasar Suwidin da gomnatin Habasha ta ɗauka aiki, ya lura da shi. Ya tsara masa horo: wata rana dogon gudu bisa duwatsu, wata rana gajeren gudu mai sauri wanda a kan maimaita sau da yawa. A 1956 Abebe ya zo na biyu bayan Wami Biratu a gasar sojojin ƙasa. Ya yi aure cikin watan maris na 1960. Cikin watan agusta na wannan shekara ya ci wani maraton a Addis Ababa cikin awa 2 da minti 21 da sakan 23, lokacin da ya fi wanda shahararren ɗan tsere Emil Zatopek ya yi a Olimpik na 1952. Da haka aka sa sunansa cikin masu zuwa Roma.

Daren Roma

Shekara ta 1960 ita ce shekarar da ƙasashen Afirka 17 suka samu mulkin kai. Nijar ta samu nata ran 3 ga watan agusta. Mako biyar da ƴan kwanaki bayan haka, ran 10 ga watan satumba, aka yi tseren maraton a Roma, babban birnin ƙasar da ta mamaye Habasha shekara 25 da suka wuce.

Takalman da Abebe ya samu a Roma ba su yi masa daidai ba, suka fid da masa bororo. Sai ya yanke shawarar yin tseren ba takalmi, kamar yadda ya sha yi a gida. Da ya tsaya wurin tashi, siriri, ɗauke da lamba 11, ƙafa a ƙasa, masu kallo da ƴan jarida ba su sa shi cikin lissafi ba. Idon kowa yana kan Sergei Popov na Tarayyar Sobiyet, wanda tun 1958 yake riƙe da lokaci mafi sauri a duniya, da kuma Rhadi Ben Abdesselam, ɗan ƙasar Maroko.

Saboda zafin rana, sai ƙarfe 5 da rabi na yamma aka tashi. Niskanen ya riga ya zagaya hanyar tare da almajirinsa, sun duba hawa da gangara, sun zaɓi wurin da za a ƙara sauri. Ya kuma gargaɗe shi da ya sa ido kan mai lamba 26, wato Rhadi. Ashe ran nan Rhadi wata lamba ya ɗaura, 185. Wajen tsakiyar hanya mutum biyu suka bar sauran baya, Abebe da mai lamba 185. Abebe yana ta duban gaba yana neman lamba 26, bai san cewa wanda yake nema ne ke gudu kafaɗa da kafaɗa da shi ba. Wani da ya rikice, ya zuba gudun da zai karya shi don ya cim ma wanda ba ya nan. Shi kuwa ya riƙe takunsa.

Dare ya same su bisa tsohuwar hanyar Rumawa da ake kira Appia, mai shimfiɗar duwatsu. Sojojin Italiya suka jeru gefe da gefe riƙe da wuta suna haskaka hanya. Kusa da ƙarshe akwai wani dogon dutse sassaƙaƙƙe mai tsawon mita 24, wanda Mussolini ya sa aka ɗauko daga birnin Aksum na Habasha a 1937 aka kafa a Roma. Nan ne wurin da suka zaɓa. Bayan sun wuce shi Abebe ya ƙara sauri, Rhadi ya kasa bin sa. Ya isa ƙofar Konstantin cikin awa 2 da minti 15 da sakan 16, ya riga Rhadi da sakan 25, ya kuma rage lokacin Popov da abin da bai cika sakan guda ba. Ma'ana, kowane kilomita ya ci shi cikin minti 3 da sakan 12, har kilomita 42, da tafin ƙafa bisa kwalta da dutse. Da ya ƙetare layi bai faɗi ba, sai ya shiga miƙe gaɓoɓinsa yana taɓa yatsun ƙafa.

Labarin ya game duniya cikin dare ɗaya. Ga ƙasashen da tutocinsu ba su wuce ƴan makonni da ɗagawa ba, wannan nasara ta nuna cewa ɗan Afirka yana iya shiga fili ɗaya da kowa ya fito gaba. Na ɗaya da na biyu duka ƴan Afirka ne.

Tsakanin yabo da haɗari

An tarye shi a Addis Ababa da gagarumin biki. Sarki ya ba shi lambar girma, aka ƙara masa galan zuwa kaparal. Amma murna ba ta daɗe ba. Ran 13 ga watan disamba na 1960, sarki yana ziyara a Birazil, shugaban rundunar tsaron fada, janar Mengistu Neway, ya yi yunƙurin juyin mulki. Aka yi faɗa cikin birni, yunƙurin ya watse, aka kashe mutane da yawa, daga baya aka rataye janar ɗin. Abebe sojan wannan runduna ne. Aka kama shi aka yi masa tambayoyi, da aka ga ba hannunsa ciki aka sake shi. Wata uku kacal tsakanin daren Roma da wannan kamu.

Ya koma ga horonsa. A 1961 ya ci maraton uku: a Atina ta Girka, inda ya sake gudu ba takalmi, da Osaka ta Japan, da Kosice ta Cekoslobakiya. A 1963 ya je Boston ta Amurka ya zo na biyar. Cikin dukan tseren maraton da ya kammala a ƙasashen waje, wannan kaɗai ne bai ci ba. Masu magana suka fara cewa zamaninsa ya wuce.

Tokyo, mako biyar bayan aikin likita

Wasannin Tokyo na 1964 su ne na farko da Nijar ta halarta, da ɗan dambe Issaka Dabore. Ga Abebe kuwa nauyin wannan karo ya sha bamban da na Roma. A Roma ba wanda ya san shi, in ya fāɗi ba mai tambaya. A Tokyo shi ne zakara, yana da shekara 32, ƙasa guda tana jiran sa, kuma ba a taɓa samun wanda ya ci wannan tsere sau biyu ba tun da aka fara shi a 1896.

Ana saura kamar kwana 40, yana horo a Debre Zeit, sai ciwon ciki ya kama shi. Likitoci suka gano kumburin ɗan guntun hanjin nan da ake kira apandis. Ran 16 ga watan satumba aka yi masa aiki aka cire shi. Ranar tsere kuwa 21 ga watan oktoba. Mutane da yawa suka fid da rai ko zai iya tsayawa wurin tashi ma. Bai cika mako guda a asibiti ba ya fito, ya soma motsa jiki sannu a hankali.

A wannan karo ya sa takalmi, samfurin Puma. Ron Clarke na Ostareliya da Jim Hogan na Ailan suka fita da gudu mai zafi tun farko. Abebe ya bar su suka yi gaba, ya bi su da nasa taku har ya cim musu. Wajen kilomita 20 ya wuce gaba. Clarke ya ja baya, Hogan ya bi shi iyakar ƙarfinsa har ya gaji ya zauna bakin hanya bai ƙarasa ba. Abebe ya shiga babban filin Tokyo shi kaɗai, ya gama cikin awa 2 da minti 12 da sakan 11. Wannan sabon lokaci ne mafi sauri a duniya, ya rage fiye da minti ɗaya da rabi daga wanda Basil Heatley na Ingila ya kafa cikin watan yuni na wannan shekara. Sa'annan ya koma bisa ciyawa ya kwanta yana motsa ƙafafu sama, yana miƙe jiki, jama'a na tafi. Sai da minti 4 suka wuce kafin na biyu ya iso.

Abin da ya faru bayansa cikin filin nan shi ma abin lura ne. Wanda ya shigo na biyu Kokichi Tsuburaya ne, sojan Japan, gaban dubban ƴan ƙasarsa. Saura ƙasa da zagaye guda Heatley ya wuce shi, ya ƙare na uku. Lambar tagulla ba ƙaramin abu ba ne, amma saurayin ya ɗauki abin a matsayin bashin da ƙasa ke bin sa. Ya ƙudura biyan sa a wasanni na gaba, ciwon baya ya hana shi horo yadda yake so, cikin watan janairu na 1968 ya kashe kansa. Kayan da Abebe ya ɗauka ya kai gida, irinsa ne ya danne wannan bawan Allah.

Da ya koma Habasha aka ba Abebe galan na litinan, da gida, da mota Volkswagen.

Inda ƙarfin zuciya ya tsaya

Ya ci gaba da cin tsere a Japan a 1965, da Sipaniya da Koriya ta Kudu a 1966. Daga 1967 ƙafa ta fara ba shi wahala. Ya je wasannin Meksiko na 1968 yana neman zinariya ta uku, alhali ƙaramin ƙashin ƙwaurinsa ya tsage. Ran 20 ga watan oktoba ya tashi tare da sauran, amma bai kai rabin hanya ba ya tsaya. Abokinsa Mamo Wolde, shi ma sojan tsaron sarki, ya ci tseren, Habasha ta riƙe maraton sau uku a jere. Natsuwa tana sa mutum ya yi amfani da dukan abin da jikinsa ke da shi, amma ba ta ɗora karyayyen ƙashi. Duk da haka, da ya koma gida aka ƙara masa girma zuwa kapitan.

Jarrabawa mafi girma tana gaba. Daren 22 ga watan maris na 1969 motarsa ta kife da shi a kan hanya. Ya kwana cikinta, sai da gari ya waye aka fid da shi. Wuyansa ya samu rauni, jikinsa ya shanye. Bayan mako guda aka kai shi asibitin Stoke Mandeville a Ingila, wanda ya shahara wajen jinyar masu raunin lakar baya. Ya yi wata 8 can, har sarauniya Elizabeth ta zo duba shi. Hannuwansa suka dawo aiki, ƙafafun da suka ɗaukaka sunan ƙasarsa kuwa ba su sake taka ƙasa ba.

Bai shige ɗaka ya rufe ƙofa ba. Daga bisa keken guragu ya koyi harbi da kwari da baka, da ƙwallon tebur. A 1970 ya shiga wasannin naƙasassu na Stoke Mandeville, waɗanda su ne tushen wasannin naƙasassu na duniya. A 1971 aka gayyace shi Norwe a matsayin baƙo, sai ya shiga tseren da karnuka ke jan mutum bisa ƙanƙara, ya kuma zo na ɗaya. A 1972 ya halarci wasannin Munich na Jamus, jama'ar fili suka miƙe tsaye suna yi masa tafi. A waɗannan wasanni ne Issaka Dabore ya samo wa Nijar lambarta ta farko ta Olimpik, ta tagulla, Mamo Wolde kuma, yana da shekara 40, ya zo na uku a maraton.

Abebe Bikila ya rasu a Addis Ababa ran 25 ga watan oktoba na 1973, sakamakon zubar jini cikin ƙwaƙwalwa, ciwon da ke da nasaba da haɗarin motar. Shekarunsa 41. Aka yi masa jana'iza irin ta manyan ƙasa, sarki da kansa ya halarta tare da dubban jama'a, aka rufe shi a maƙabartar cocin Yusufu mai tsarki.

Daga ina natsuwar ta fito

Mutane sun saba cewa irin wannan sanyin zuciya baiwa ce. Akwai gaskiya a ciki, amma tarihin Abebe ya nuna abubuwan da ke ƙarƙashin baiwar. Na farko, ba abin da ya yi ran tsere wanda bai riga ya yi shi sau da yawa ba. Gudu ba takalmi ya ba Turawa mamaki, shi kuwa a wurinsa komawa ce ga abin da ya sani, don kada sabon takalmi ya zame masa abin tunani. Na biyu, ya san hanyar kafin ya taka ta, kuma ya san inda zai ƙara sauri tun bai tashi ba. Mutumin da ya yanke shawara da sanyin safiya ba ya buƙatar yanke ta lokacin da numfashi ya sarƙe. Na uku, ya san takun da jikinsa ke iya riƙewa har ƙarshe, ba ya barin gudun wani ya ja shi. Wannan ne ya cece shi a Roma sa'ad da lamba 26 ta ɓace masa, shi ne kuma ya cece shi a Tokyo sa'ad da Clarke da Hogan suka fita da zafi. Na huɗu, yana da malami guda da ya yarda da shi shekara da shekaru. Tsoro ya fi kama wanda zuciyarsa ta rabu biyu, shi kuwa ran tsere aiki ɗaya ke gabansa.

Waɗannan abubuwa ba su buƙatar dukiya mai yawa. Suna buƙatar lokaci, da tsari, da malamin horo da ya san aikinsa kuma aka bar shi ya daɗe tare da yaransa. Masu kula da sha'anin matasa da wasanni a jihohi da gundumomi suna da abin dubawa a nan: shekara 4 ke tsakanin ranar da Abebe ya zo na biyu a gasar sojoji da daren da ya ci duniya, kuma cikin shekarun nan ba a raba shi da malaminsa ba.

Hanyar da ya buɗe ba ta rufe ba. Bayan Mamo Wolde sai Miruts Yifter, wanda ya ci zinariya biyu a Mosko a 1980, sai Derartu Tulu a 1992, sai Haile Gebrselassie a 1996 da 2000, ban da ƴan Kenya da suka bi sahu. An sa wa wani filin wasa na Addis Ababa sunansa. Dutsen Aksum da ya wuce ta gabansa cikin dare, Italiya ta mai da shi Habasha a 2005, aka sake kafa shi a mazauninsa a 2008. A 2010 kuma, shekara 50 bayan nasarar farko, wani ɗan Habasha mai suna Siraj Gena ya ci maraton na birnin Roma. Da ya kusa layi sai ya tuɓe takalmansa, ya ƙarasa sauran mitocin da ƙafa a ƙasa.